Baƙin da Babu Shi a Akwati: Haruffan Hausa Masu Ƙugiya Daga Zamanin Dalma Zuwa na Kwamfuta

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wata matsala wadda take ƙarama a ido, amma ta daɗe tana cin rubutun Hausa ta ƙarƙashin ƙasa, watau abin da mai ɗab'i yakan yi idan ya zo jera kalma, ya duba akwatinsa, ya tarar babu harafin da yake bukata. Matsalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce, kuma ta girmi kwamfuta da ƙarnuka. Sai dai ta fi tsananta ga harsunan da suka ari abjadin wasu, sa'an nan suka ƙara masa 'yan haruffan kansu. A Hausar boko waɗannan haruffa su ne ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ wanda ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar, a inda Nijeriya take rubuta 'y.

Wanda bai san harshen ba zai ɗauka ƙugiyar nan ado ce. Ba ado ba ce. Ita ce ta raba fada da faɗa, ta raba kafa da ƙafa, ta raba daidai da ɗaiɗai, ta raba bari da ɓari. Labarin da ya ce hakimi ya shiga fada daban yake da wanda ya ce hakimi ya shiga faɗa. Abin dariya ma, ita kanta kalmar da malamai suke kiran harafi da ita, watau baƙi, in aka cire mata ƙugiya sai ta koma baki. An sha cewa ai Bahaushe yana gane abin da ake nufi daga zubin magana, kuma galibi haka ne. Amma wannan hujja ta wanda ya riga ya iya karatu ce. Yaron da yake aji biyu, da baƙon da yake koyon harshen, da na'urar da aka sa ta nemo suna a cikin rajista, duk ba su da wannan gata.

Tun wajen 1450, sa'ad da Gutenberg ya fara ɗab'i da haruffan ƙarfe a birnin Mainz na ƙasar Jamus, kowane harafi ɗan guntun dalma ne da ake zubawa a ma'auni, a ajiye shi a gurbinsa cikin akwati. Tarin haruffa masu kama ɗaya da girma ɗaya shi ne za a kira zubi a cikin wannan lacca, domin kuwa zuba su ake yi. Mai jera haruffa yakan tsince su ɗaya-ɗaya da hannu, kuma yakan faru wani harafi ya ƙare masa a tsakiyar shafi. Dabarar da masu wannan sana'a suka gada ita ce, sai ya ɗauki wani harafi mai faɗi daidai da wanda ya rasa, ya kifa shi, gindinsa ya koma sama. Idan aka buga gwaji, gindin nan sai ya bar tabo baƙi ƙirin a tsakiyar kalma, wanda ko makaho ya shafa ya san da magana a wurin. Mai duba bugu ba shi da halin tsallake shi. A Japan, inda haruffa suke dubbai, kuma rashin wani daga ciki abu ne na kullum, tabon yakan fito kamar layi biyu masu kauri, har suka sa masa sunan takalmin katakonsu, geta, saboda ya yi kama da sawunsa. Alamar tana nan har yanzu a cikin kwamfutocinsu, ga ta: 〓. Ya kamata a riƙe wannan dabara a zuci, domin duk abin da ya biyo baya da ita za a auna shi. Hikimarta ita ce ba ta ɓoye rashi. Muninta shi ne amfaninta.

Da injuna suka karɓi aikin jerawa sai gurbi ya ƙara tsada. Injin Linotype, wanda ya fara aiki a 1886, madannai 90 gare shi, kuma duk harafin da ba ya cikinsu sai mai aiki ya tsaya ya saka ma'auninsa da hannu. Na Monotype kuwa akwatin ma'auninsa na asali gurbi 225 ne. Sabon harafi yana bukatar a zana shi, a sassaƙa shi a ƙarfe, babba da ƙarami, tsayayye da gicciye, a kowane girma da ake so. Kamfani ba ya shiga wannan ɗawainiya sai ya ga mai biya. Tun daga nan aka ja layi tsakanin harsunan da suke da kasuwa da waɗanda ba su da ita.

Hausa ta riga ta san wannan hali tun kafin boko. Malaman ajami sun tarar abjadin Larabci ba shi da baƙaƙen wasu sautukansu, sai suka ari ق suka ba ƙ, suka ari ط suka ba ɗ, suka ɗora wa ط ɗigo uku ya zama ts. Da yawa daga cikinsu ba su bambanta ɓ da b ba. To amma mai alƙalami ba ya rasa harafi, tun da hannunsa ne maɗaba'arsa. Turawan farko da suka rubuta Hausa da haruffan Rumawa, irin su J. F. Schön wanda ya buga jerin kalmomin Hausa a Landan cikin 1843, matsalarsu ta kunne ce tun kafin ta zama ta ɗab'i, domin ba kullum suke jin bambancin sautukan ba. Da aka fara ji, sai wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka sa alamar hamza a gefensa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma siffar waɗannan baƙaƙe ba ta zauna ba sai cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. A nan ne ƙugiya ta tabbata. Kuma zaɓi ne mai ma'ana, saboda ɗigo abu ne da mai rubutu da hannu yake mantawa, kuma yana iya dushewa a bugu, alhali ƙugiya a jikin harafin take, da jan alƙalami ɗaya ake yin su. Littattafan makaranta, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, su ne suka saba wa idon mutane da ita. Taron da UNESCO ta kira a Bamako cikin 1966 don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa da Fulatanci, ya bar ƙugiya a matsayinta.

Sai dai maɗaba'a guda ce, ofisoshi kuwa ɗaruruwa. Tafiretar da take kan teburin akawu an ƙera ta ne domin Turanci ko Faransanci. Akawu mai kula yakan buga takarda, ya zare ta, ya bi kowane b da d da k da ya kamata, ya lanƙwasa masa kai da biro. In kwafi huɗu ya buga da takardar kabon, sau huɗu zai yi wannan aiki. Wani wurin akan kai tafireta ga makaniki ya cire alamomin da ba a cika amfani da su ba, ya liƙa masu ƙugiya a madadinsu. Amma mafi yawan lokaci babu wanda yake yin ko ɗaya, sai takarda ta fita haka nan. Ta wannan ƙofa ce Ɗambatta da Ƙaraye da Ƙanƙara da Ƙaura Namoda suka shiga taswira da fayilolin gwamnati ba ƙugiya, suka zauna. An yi yunƙurin magance abin daga tushe. Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki shawarar da Farfesa Kay Williamson ta kawo a 1981 ta yin abjadi ɗaya mai haruffan da za su wadaci harsunan Nijeriya, kuma tsakanin 1985 da 1986 Edward Oguejofor da Victor Manfredi suka tsara zubinsa tare da taimakon mashahurin mai zanen haruffan nan na Jamus, Hermann Zapf. Aiki ne mai kyau wanda ya zo a ƙurarren lokaci, domin a daidai shekarun nan ne kwamfuta ta fara korar tafireta daga ofis.

A nan wajibi ne a tsaya a fahimci abu guda, domin duk rikicin da ya biyo baya daga gare shi ya taso. A zamanin dalma harafi da siffarsa abu ɗaya ne, ƙarfen da ke hannunka. Kwamfuta ta raba su biyu. Abin da take ajiyewa lamba ce kurum, siffar kuwa tana cikin zubi, kuma sai an zo nunawa a allo ko bugawa a takarda ake zuwa a tambayi zubi wace siffa ya tanadar wa wannan lamba. Saboda haka harafi yana iya ɓacewa ta hanya biyu, ko dai ba a ba shi lamba ba tun farko, ko kuwa yana da lamba amma zubin da ake aiki da shi bai zana masa siffa ba. Hausa ta ɗanɗani duka biyun, ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin lambobin ASCII na Amurka, wanda aka fara fitarwa a 1963, gurbi 128 ne kacal, kuma Turanci ya cinye su. Da aka faɗaɗa zuwa 256 sai aka raba ƙarin ga harsunan Turai da wasu maƙwabtansu, a jerin tsare-tsaren da ake kira ISO 8859, waɗanda na farkonsu ya fito a 1987. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake da ɓ ko ɗ ko ƙ. Akwai wani tsari, ISO 6438 na 1983, da aka yi musamman domin haruffan harsunan Afirka a kundayen ɗakunan karatu, amma bai shiga kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwa ba.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Masana suka koma ga dabarar makanikin tafireta, watau su ɗauki zubi, su goge siffar wata alama da Hausa ba ta bukata, su zana mai ƙugiya a gurbinta. A Kano, cikin shekarun 1990, Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara zubin da aka sani da suna Rabi'at, kuma irin waɗannan zubi sun ɗauki nauyin ɗab'in Hausa shekara da shekaru, daga kundin digiri har littattafan kasuwa. Ba don su ba da an yi zamani guda cur ana buga Hausa ba ƙugiya. Amma da yake lambar da take ƙarƙashi ba ta canja ba, da zarar rubutun ya je kwamfutar da ba ta da wannan zubi sai asiri ya tonu. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundi ya ga }asa a wurin ƙasa, da ]aya a wurin ɗaya, da ~angare a wurin ɓangare, ya ga wannan abu da idonsa. Wani tsarin kuma q da x da v ya ara, shi ya sa ake cin karo da qasa da xaya da vangare, har wasu matasa suka ɗauka wata sabuwar ƙa'ida ce.

Maganin rashin lamba ya zo da Unicode, wanda aka buga kashinsa na farko a 1991 da niyyar ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin. Haruffan Hausa suna ciki tun daga farko. Sai dai an yi musu rabon da ya jawo wahala daga baya. Ƙ da ƙ, da Ƴ da ƴ, da manyan Ɓ da Ɗ, suna cikin rukunin ƙarin haruffan Rumawa, amma ƙananan ɓ da ɗ an ajiye su can cikin rukunin alamomin masana furuci, a lamba 0253 da 0257, saboda masanan sun riga suna amfani da su. Mai zanen zubi a Turai wanda ya ga rukunin furuci ya ce wannan na malaman jami'a ne, ya tsallake shi, bai san ya bar mutane miliyoyi ba harafin rubuta ɗa da ɗaki da kuɗi ba. Wannan ne dalilin da ya sa akan sami zubin da yake da ƙ amma ba shi da ɗ. Ba kuma za a ce kowane zubi ya ɗauki kome da kome ba, domin fayil ɗin zubi ɗaya ba ya wuce siffa 65,535, alhali Unicode ya haura alamomi 150,000 a bugunsa na 2024. Rashin harafi a zubi ya zama abin da ba makawa, sai dai a yi shawarar abin da za a yi in ya auku.

Tsarin TrueType, wanda kamfanin Apple ya fitar a 1991, ya tanadi siffa ta farko a kowane zubi domin wannan rana. Galibi ɗan akwati ne fanko mai kusurwa huɗu, wani lokaci da gicciye a cikinsa. Shi ne jikan harafin nan da ake kifawa. Masu sana'ar suna kiransa tofu, watau awara, don ya yi kama da yankanta. Apple ya ƙara gyara dabarar a 1998 da wani zubi mai suna LastResort, wanda maimakon akwati fanko yakan nuna alamar rukunin da harafin da aka rasa ya fito, domin mai gyara ya san inda zai nufa. Kada a rikita akwatin nan da alamar tambaya da take fitowa a cikin baƙin lu'ulu'u. Ita wannan tana nufin lambar ce kanta ta lalace a hanya, kuma canja zubi ba ya warkar da ita.

Manhajar TeX, wadda Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya fara rubutawa a 1978, kuma masana lissafi da kimiyya suke jera littattafansu da ita, wata hanya ta bi. Idan ta nemi harafi a zubi ta rasa, sai ta tsallake shi, ta matse sauran, ta rubuta abin da ya faru a cikin wani dogon fayil na rahoto wanda ba kowa yake buɗewa ba. Shafi yakan fito tsaf, ba tabo ba gurbi. A gwada wannan da Hausa a gani. Ɗaya ta koma aya, ƙauna ta koma auna, kuma takardar da ta ce a ƙara masa albashi sai ta fito tana cewa a ara masa albashi. Dukansu kalmomi ne na gaskiya, saboda haka idon mai duba bugu yana iya wucewa ta kansu bai yi tuntuɓe ba. Jörg Knappen, wanda a garin Gutenberg ɗin nan ne ma ya yi aikin, ya zana wa TeX zubin harsunan Afirka mai haruffan Hausa a farkon shekarun 1990, amma sai wanda ya san da shi ne yake kiransa. Sai a 2021 aka ƙara wa manhajar zaɓin da zai sa ta tsaya cik, ta ƙi ci gaba, idan harafi ya ɓace. An shekara fiye da 40 kafin a komo ga abin da mai kifa dalma ya sani.

Abin da ya fi yawa a yau shi ne aro. Idan zubin da aka zaɓa ba shi da harafi, sai kwamfuta ko waya ta bi jerin sauran zubin da take da su har ta sami mai shi, ta ɗauko ta cusa. Ma'ana ba ta salwanta, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma harafin aro ba ya sajewa. Yakan fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki, musamman a kanun labarai da allunan sanarwa. Illar wannan ba a ido ta tsaya ba. Mai tsara shafi da ya ga haka yakan ce ƙugiya ce take ɓata masa aiki, sai ya goge ta ya sa k, maimakon ya canja zubi. Ta haka gyaran da aka yi don a ceci harafin yakan zama sanadin korarsa.

Wayar hannu ma ta sa hannu. Gajeren saƙo na tsarin GSM yana ɗaukar harafi 160 muddin duk suna cikin ƙaramin abjadin tsarin, wanda babu haruffan Hausa a ciki. Ƙugiya ɗaya tak ta isa ta juyar da saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, watau saƙo ɗaya ya koma biyu ko uku, a biya kuɗin kowanne. Shekarun da mutane suka fi rubuta Hausa da yatsunsu fiye da kowane lokaci a tarihi, a cikinsu ne rubuta ta daidai ya zama abin da ake cin mutum tara a kansa. Ba abin mamaki ba ne da aka tashi da al'ummar da take karanta ƙugiya amma ba ta rubuta ta.

Ta fuskar kayan aiki uzuri ya ƙare. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubi kyauta irin su Charis da Gentium da Andika, masu cikakkun haruffan Hausa. Google tare da Monotype sun sanar a 2016 cewa dangin zubinsu mai suna Noto, wanda sunansa ma daga ƙin tofu aka samo shi, ya game harsuna fiye da 800. Windows da wayoyin Android suna da madannan Hausa. Ajami ne aka bari a baya, domin wasu baƙaƙensa masu ɗigo uku sai a 2020 suka sami lamba. Abin da ya saura a boko na sabo ne da na sayayya, watau ofishin da zai sayi manhajar rajista ko ya zaɓi zubin takardunsa ba tare da wani ya buga ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, ya ga yadda suka fito ba. Gwaji ne na minti ɗaya.

Akwai kuma aikin da yake jiran ɗakunan karatu da sassan Hausa na jami'o'i, na juyar da rubuce-rubucen shekarun 1990 da 2000 zuwa Unicode. A nan ne bambancin dabarun nan yake fitowa fili. Kundin da aka buga da zubin aro, mai cike da } da ] da ~, duk muninsa yana da sauƙin gyara, domin kowace alama tana tsaye a gurbin harafi guda sananne, kuma umarnin musanya shida, uku na manya uku na ƙanana, ya isa ya mayar da shafi 300 daidai cikin ɗan lokaci. Wanda aka buga da b da d da k zalla kuwa, wanda ya fi kyan gani a ranar da aka buga shi, ba ya gyaruwa ta wannan hanya. Sai an sami wanda ya iya harshen ya zauna ya bi shi kalma bayan kalma, yana yanke hukunci a kan kowace kasa, ko ƙasa ce ta noma, ko kasa ce macijiya, ko kuwa kasawa marubucin yake nufi.